AUNA ISKAR OKSIJIN A MAHON NAMA BAYAN TIYATA

1.0 Gabatarwa

Daga cikin rassan aikin likita akwai wanda ake kira tiyatar gyaran jiki, wato aikin da ake yi domin a cike gurbin da ciwo ko haɗari ya bari a jikin ɗan Adam. Wanda wuta ta ƙona, da wanda haɗarin mota ya kwashe wa naman ƙwauri har ƙashi ya bayyana, da matar da aka cire wa nono saboda ciwon daji, duk masu buƙatar irin wannan aiki ne. Haka kuma yaran da cutar noma ta cinye wa leɓe ko kunci ko hanci. Ita wannan kalma ta noma ba ta da dangantaka da noman gona, domin an aro ta ne daga Girkanci, inda take ɗauke da ma'anar cinyewa. Cuta ce da ta fi kama yara 'yan shekara 2 zuwa 6 waɗanda ba su samun isasshen abinci mai gina jiki. A shekarar 1999 aka buɗe asibiti na musamman domin masu fama da ita a Sakkwato, sannan a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, bisa buƙatar da Nijeriya ta jagoranta.

A irin wannan tiyata likita yakan ɗebo nama daga wani sashe mai lafiya na jikin majiyyaci, ya toshe gurbin da shi. Aikin kan ci sa'o'i da yawa, wani lokaci wuni guda, amma ba a ɗakin tiyata ake tabbatar da nasararsa ba. Sai an kwana biyu ko uku ana lura kafin a san ko naman zai rayu a sabon mazauninsa ko zai mutu. Wannan babi zai yi bayanin yadda ake amfani da auna iskar oksijin domin gano toshewar jini a naman da aka dasa, tun kafin ido ya ga wata alama. Haka nan ɗalibi mai shirin zama malami zai ga misalin yadda ake sarrafa kalmomin Hausa na yau da kullum wajen bayanin batun kimiyya.

2.0 Ma'anar Mahon Nama da Ire-irensa

A Hausar yau da kullum, maho shi ne ƙyallen da ake ɗinkawa a kan inda tufa ta yage ko ta huje. A nan an faɗaɗa ma'anar kalmar. Mahon nama shi ne yankin fata, ko kitse, ko tsoka, ko ƙashi, ko haɗakar wasu daga cikinsu, wanda ake ɗaukewa tare da jijiyoyin jininsa a kai shi wani wuri a jikin mutum guda. Wannan sharaɗi na tafiya da jijiyoyi shi ne ya bambanta maho da dashen fata. A dashen fata, sirariyar fatar sama kawai ake ferewa a shimfiɗa a kan gyambo, tana tsotsar ruwan jikin wurin har sababbin jijiyoyi su tsiro mata cikin 'yan kwanaki. Irin wannan dashe ba ya kamawa a kan tsuran ƙashi, kuma ba ya cike rami mai zurfi. Inda ya gaza, nan ake neman maho.

Maho iri biyu ne:

(a) Maho maƙalalle: shi ne wanda ake yankowa a bar gefe guda a manne da mazauninsa na asali, jini na bi ta nan, sannan a karkato shi ya rufe gurbin da ke kusa.

(b) Maho cirarre: shi ne wanda ake cirewa ɗungurungum, a yanke jijiyoyinsa, a kai shi nesa, a ɗinke jijiyoyin da waɗanda ke sabon wurin.

Maho maƙalalle tsohon aiki ne. Tsohon littafin likitancin Indiya da ake dangantawa ga Sushruta ya bayyana yadda ake gyara yankakken hanci da fatar kunci. A shekarar 1597 Gaspare Tagliacozzi na birnin Bolonya a Italiya ya wallafa hanyar gyara hanci da fatar damtse, inda ake ɗaure hannun majiyyaci a jikin kansa na tsawon makonni. A lokacin Yaƙin Duniya na Farko kuwa, Harold Gillies ya yi wa ɗimbin sojojin da aka raunata a fuska aiki a Ingila, yana matsar da nama zango-zango har ya isa inda ake so.

Maho cirarre bai yiwu ba sai da aka iya ɗinke jijiyoyi masu ƙanƙanta. A shekarar 1960 Julius Jacobson da Ernesto Suarez a Amurka suka nuna cewa ana iya yin haka a ƙarƙashin madubin ƙara girman abu. A 1973 Rollin Daniel da Ian Taylor a birnin Melbon na Ostireliya suka ɗauke fata daga makwancin cinya suka dasa ta a ƙafa, ta kuwa rayu. Daga nan aka gano wasu sassan jiki da ake iya ɗiba, kamar fatar gaban hannu, da fatar cinya, da kitsen mara, da siririn ƙashin ƙwauri wanda ake sassaƙawa a mayar da shi muƙamuƙi. Jijiyoyin da ake haɗawa faɗinsu bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, zaren ɗinkin kuma ya fi gashin kai siranta.

3.0 Jini da Rayuwar Maho

Kalmar jijiya tana da faɗi a Hausa, domin ana kiran hanyar jini da ita, ana kuma kiran agara da hanyar saƙon ƙwaƙwalwa da ita. Saboda haka a wannan babi za a bambanta uku: jijiyar kai-jini, wadda ke ɗauko jini daga zuciya zuwa sassan jiki, da jijiyar kwashe-jini, wadda ke mayar da shi zuciya, da siraran jijiyoyi da ke tsakaninsu, waɗanda a cikinsu ne jini ke sauke kayansa.

Babban kayan da jini ke ɗauka shi ne iskar oksijin, wadda ita ce kimanin kashi 21 cikin 100 na iskar da ake shaƙa. A cikin jajayen ƙwayoyin jini akwai wani sinadari mai suna himogulobin, wanda ke ɗaukar oksijin a huhu ya sauke ta a cikin nama. Jinin da ya cika da oksijin ja ne wur, wanda ya sauke ta kuwa ja ne mai duhu. A jikin mai lafiya, kashi 95 zuwa 100 na himogulobin da ke cikin jijiyar kai-jini yana ɗauke da oksijin, amma a jinin da ke komawa zuciya adadin yakan sauka zuwa kamar kashi 75.

Maho cirarre yakan dogara ne ga jijiyar kai-jini guda ɗaya da jijiyar kwashe-jini ɗaya ko biyu. Kafin ya haɗa sababbin jijiyoyi da naman da ke kewaye da shi, ba shi da wata hanyar ci sai su. Misalinsa kamar fangalin lambu ne mai mashigar ruwa guda da magudana guda. Idan mashiga ta toshe, shuka ta bushe. Idan magudana ce ta toshe, ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe. Duka biyun asara ce, sai dai alamominsu sun bambanta.

Abubuwan da ke jawo toshewa sun haɗa da daskarewar jini a wurin ɗinki, da murɗewa ko lanƙwashewar jijiya, da taruwar jini a ƙarƙashin maho har ya danne ta, da ɗaurin bandeji mai tsanani. Faɗuwar ƙarfin bugun jini, da sanyi, da shan taba duk suna tsuke jijiyoyi ko su rage gudun jini. Masu cutar sikila suna buƙatar kulawa ta musamman, domin ƙwayoyin jininsu kan lanƙwashe idan oksijin ta yi ƙaranci, su toshe siraran jijiyoyi. An lura cewa jijiyar kwashe-jini ta fi saurin toshewa, saboda bangonta ba shi da kauri, jini kuma a hankali yake tafiya a cikinta. Mafi yawan matsalolin suna aukuwa ne cikin awa 48 zuwa 72 na farko.

A manyan cibiyoyi fiye da kashi 95 cikin 100 na maho cirarre suna rayuwa. Sauran kuwa, da yawansu ana iya ceto su idan an koma ɗakin tiyata da wuri. Tsoka ba ta jure rashin jini fiye da kamar awa 6, fata da kitse sun ɗan fi ta juriya. Idan lokaci ya ƙure, ko da an buɗe jijiyar, siraran jijiyoyin sun riga sun kumbura sun toshe, jini ba ya sake ratsa su. Ga majiyyaci wannan na nufin an yi asarar naman da aka ɗiba, gurbin yana nan, ga sabon tabo a inda aka ɗebo, ga kuɗin wata tiyatar.

4.0 Lura da Ido da Hannu

Hanyar da aka daɗe ana bi, wadda har yanzu ita ce ginshiƙi, ita ce ma'aikatan jinya su riƙa duba maho kusan kowace awa a kwana ɗaya ko biyu na farko, daga baya a riƙa ƙara tazara. Abubuwa biyar ake dubawa: launi, da ɗumi, da kumburi, da saurin dawowar jini idan an danna da yatsa an saki, da irin jinin da ke fita idan an tsira allura.

Idan jijiyar kai-jini ce ta toshe, maho yakan koɗe, ya yi sanyi, ya saki, kuma allura ba ta fitar da jini. Idan ta kwashe-jini ce, sai ya kumbura, ya yi tauri, launinsa ya koma shuɗi-shuɗi, baƙin jini ya fito da sauri da zarar an tsira allura. Ana kuma amfani da wata ƙaramar na'ura mai suna Dopla, wadda ake ɗorawa a kan fata a ji sautin bugun jini.

Wannan hanya tana da rauni ta fuska huɗu. Na farko, ta dogara ga gogewar mai dubawa, kuma abin da wani ya kira koɗewa wani yana iya ganinsa daidai. Na biyu, tsakanin dubawa da dubawa akwai awa guda da ba wanda ke kallo. Na uku, sauyin launi yana da wuyar ganewa a baƙar fata, musamman da dare a ƙarƙashin fitilar ɗakin jinya. Na huɗu, Dopla na iya ci gaba da jiyar da bugun jijiyar kai-jini na tsawon sa'o'i bayan ta kwashe-jini ta toshe, hankalin mai dubawa ya kwanta alhali maho na shaƙewa. Waɗannan dalilai ne suka sa aka nemi hanyar da za ta auna abin da naman yake buƙata kai tsaye, wato oksijin, ba tare da yankewa ba.

5.0 Yadda Ake Auna Oksijin a Maho

5.1 Aunawa da Haske

Duk yaron da ya taɓa kifa tafin hannunsa a kan tocila da dare ya ga yatsunsa sun yi ja. Dalili shi ne jan haske yana ratsa nama fiye da sauran launuka. A jerin launukan bakan gizo ja ne ke gefe, gaba da shi kuma akwai wani haske da ido ba ya gani, wanda za a kira hasken bayan-ja. Da shi ne rimot ke sarrafa talabijin. Ana auna tsawon zangon haske da nanomita, wato kashi ɗaya cikin biliyan na mita, kuma hasken da ke tsakanin nanomita 700 da 900 ya fi kowane shiga cikin nama.

A shekarar 1977 Frans Jöbsis na Jami'ar Duke a Amurka ya nuna cewa ana iya amfani da wannan haske a san yanayin oksijin a cikin jiki ba tare da an huda fata ba. Sirrin abin shi ne himogulobin mai ɗauke da oksijin da wanda ya sauke ta ba su shanye haske iri ɗaya. Ƙasa da nanomita 800, wanda ya sauke oksijin ya fi shanyewa. Sama da haka, mai ɗauke da ita ya fi. Saboda haka ake manna wani ɗan faifai mai faɗin kwabo a kan maho. Faifan yana harba haske mai zango daban-daban cikin naman, yana kuma karɓar abin da ya dawo. Daga bambancin abin da aka aika da abin da ya dawo, na'ura ke lissafa kashi nawa cikin 100 na himogulobin da ke wurin yake ɗauke da oksijin, ta riƙa nuna adadin a allo dare da rana. Zurfin da hasken ke kaiwa ya danganta da irin na'urar, daga milimita kaɗan zuwa santimita ɗaya ko biyu.

Ya kamata a bambanta wannan na'ura da wadda ake maƙalawa a yatsa, wadda mutane da yawa suka sani a lokacin annobar Korona ta 2020. Ta yatsa, wadda Takuo Aoyagi na ƙasar Japan ya gano tushen aikinta a farkon shekarun 1970, tana bin bugun jini ne, tana faɗin yawan oksijin da huhu ya zuba wa jiki baki ɗaya. Ta maho kuwa ba ta buƙatar bugu. Tana auna jinin da ke cikin ƙananan jijiyoyin wurin da aka manna ta, wanda mafi yawansa jini ne mai hanyar komawa. Don haka yatsa na iya nuna kashi 98 alhali maho na mutuwa.

5.2 Karanta Adadi

Babu wani adadi guda da za a ce shi ne daidai ga kowane maho, domin kaurin fata da yawan kitse da wurin da aka manna faifai duk suna sauya shi. Abin da likita ke bi shi ne tafiyar adadin: daga ina ya fara, ina ya nufa, kuma da wane sauri. A shekarar 2009 wani likitan tiyata a Amurka, Alex Keller, bayan ya lura da maho 208, ya ba da ma'aunin da aka fi ambata: a ɗauka akwai matsala idan adadin ya sauka ƙasa da kashi 30, ko kuma idan yana faɗuwa da saurin maki 20 a awa guda, faɗuwar ta zarce minti 30.

Wasu na'urorin suna nuna jimillar jinin da ke cikin maho, wanda ke taimakawa a gane jijiyar da ta toshe. Idan oksijin na sauka, jimillar jini na ƙaruwa, to magudana ce ta toshe. Idan oksijin na sauka, jimillar jini ba ta ƙaruwa ko tana raguwa, to mashiga ce.

5.3 Aunawa da Tsinke

Akwai mahon da ake binnewa a ciki, kamar wanda ake gyara maƙogwaro da shi, inda ba fatar da za a manna faifai. A nan ana iya soka wani siririn tsinke mai auna oksijin cikin naman. Tushen wannan hanya shi ne ma'aunin da Leland Clark ya ƙirƙira a Amurka a shekarun 1950, wanda ke juya yawan oksijin zuwa ƙarfin lantarki. Rauninsa shi ne ɗan wurin da ya taɓa kawai yake aunawa, kuma dole sai an huda naman.

6.0 Amfani da Gazawa

Babban amfanin auna oksijin shi ne ribar lokaci, domin adadin yakan fara sauka kafin launi ya sauya. A shekarar 2011 wasu likitoci a birnin Boston suka kwatanta mahon da suka yi na gyaran nono kafin su fara amfani da na'urar da kuma bayan sun fara. Cikin waɗanda suka sami matsala, waɗanda aka ceto sun tashi daga kusan kashi 58 zuwa kusan kashi 94 cikin 100. Sai dai ya kamata mai karatu ya lura cewa zamani biyu aka kwatanta, kuma gogewar likitocin ta ƙaru a tsakani, don haka ba za a jingina dukkan ci gaban ga na'ura kaɗai ba.

Na'urar tana da gazawa. Faifai na iya ɗagawa, ko jini ya taru a ƙarƙashinsa, ko hasken ɗaki ya shiga, ta yi ƙarar ƙarya. Idan ƙarfin bugun jinin majiyyaci ya faɗi, ko numfashinsa ya yi rauni, adadin maho zai sauka alhali jijiyoyinsa a buɗe suke. Bugu da ƙari, sinadarin melanin da ke ba fata baƙin launi shi ma yana shanye haske. A shekarar 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan suka gano cewa na'urar yatsa tana kasa nuna ƙarancin oksijin a jikin baƙar fata kusan ninki uku fiye da yadda take kasawa a jikin farar fata. Wannan bincike a kan ta yatsa aka yi shi, amma ya isa gargaɗi ga duk na'urar da ke aiki da haske, kuma ƙarin dalili ne na bin tafiyar adadi maimakon dogara ga lamba guda. Sai kuma tsada, domin faifan sau ɗaya ake amfani da shi a yar, ga kuma buƙatar wutar lantarki marar yankewa.

7.0 Matakin da Ake Ɗauka

Idan na'ura ta yi gargaɗi, ma'aikacin jinya yakan fara da duba faifan, ya sassauta bandeji, ya gyara kwanciyar majiyyaci, ya auna bugun jininsa da numfashinsa, sannan ya duba mahon da ido da hannu. Idan adadin bai farfaɗo ba, sai a kira likita nan take, domin da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. A ɗakin tiyata ana buɗe wurin, a kwashe jinin da ya taru, a warware jijiyar da ta murɗe, ko a yanke ɗinkin a fitar da gudan jini a sake ɗinkewa. Inda magudana ta gaza kuma ba a iya gyara ta da ɗinki, akan yi amfani da matsattsaku da aka kiwata domin asibiti, su tsotse jinin da ya kwanta, kamar yadda ƙahon wanzami ke zuƙo jini. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da su a shekarar 2004, kuma akan haɗa wa majiyyaci da maganin kashe ƙwayoyin cuta saboda abin da ke cikin hanjinsu.

8.0 Kammalawa

An ga cewa rayuwar mahon nama ta rataya ne a kan jijiyoyi biyu ko uku masu ƙanƙanta, kuma tazarar da ke tsakanin toshewarsu da mutuwar naman sa'o'i ne kaɗan. Auna oksijin yana rage lokacin da ake ɓatawa kafin a gane matsala, musamman toshewar jijiyar kwashe-jini wadda ido da Dopla kan makara wajen ganowa. Amma gargaɗi ba ya amfani sai da ma'aikacin da ya san ma'anarsa, da likitan da za a samu da tsakar dare, da ɗakin tiyatar da ke shirye. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Asibitin da ba shi da na'urar yana iya ceto maho da yawa idan ya horar da ma'aikatansa suka kiyaye dubawar kowace awa, wanda yake da ita kuma ba zai daina dubawa da ido da hannu ba.

9.0 Auna Fahimta

1. Bambanta mahon nama da dashen fata, sannan ka kawo ire-iren maho biyu.
2. Kawo alamomi uku-uku na toshewar jijiyar kai-jini da ta kwashe-jini.
3. Me ya sa na'urar yatsa ba ta isa ta nuna lafiyar maho ba?
4. Bayyana dalilin da ya sa ake bin tafiyar adadi maimakon lamba guda.
5. Ware kalmomin da aka faɗaɗa ma'anarsu, da waɗanda aka harhaɗa, da waɗanda aka aro a wannan babi, ka jera kowane rukuni daban.
6. Tsara darasin minti 40 ga 'yan aji uku na ƙaramar sakandare a kan yadda jini ke kai oksijin sassan jiki, ta amfani da misalin fangalin lambu.